Kujera Biyu

A bayan gidan awon auduga na same ta,
Ƙaura Namoda, gefen layin dogo,
tayoyi sun nutse a ƙasa har wuya,
kaza ta saka ƙwai tara a mazaunin direba.
Mai gadi ya ce Baturen auduga ne ya bar ta,
wani ya ce a'a, Kwara ne mai sayen gyaɗa.
Ni dai na biya kuɗin raguna biyu,
na ɗaura mata igiya, a-kori-kura ta ja mu gida.

Gari ya sha dariya.
Mota mai kujera biyu, babu rufi,
ba ta ɗaukar buhun gero,
ba ta kai mara lafiya asibiti.
Ige ta leƙo ta kan katanga:
"Nomau, ka rasa abin kiwo sai tsatsa?"

Shekara uku ina kwance a ƙarƙashinta.
Na kankare ja, na tarar da kore,
na kankare kore, na tarar da ruwan madara,
kamar mai haƙar rijiya yana karanta ƙasa.
Gindin bodi ya zama rariya,
na yanko ganga na like da walda.
Noti guda ya ƙi ni kwana goma sha ɗaya.
Na ba shi baƙin mai, na ba shi wuta,
na zage shi, na dawo na ba shi haƙuri,
ran Laraba ya juya da kansa kamar ba shi ba.

Kayanta babu a Gusau, babu a Kano.
Kafireto na ciro daga cikin matacciyar Fijo,
lagireto kuwa na wata tsohuwar tasi ne.
Na ɗaga ta taƙi guda daga ƙasa,
don ramukan hanyarmu ba su san Bature ba.
Mande baduku ya ɗinka kujerun da jar fatar akuya,
ya yi musu ado a gefe ba da izinina ba,
na duba, na ƙyale.
Masana za su ce na ɓata asali.
To, su ce.
Wanda ya shekara hamsin yana shan ruwan gari
ai ɗan gari ne.

Ranar tayarwa na je na riƙo hannun Labbo,
maigidana, wanda ya fara miƙa mini sifana
ina ɗan shekara tara.
Yanar ido ta rufe masa duniya tun bara waccan.
Na murɗa makulli. Ta yi tari. Ta yi shiru.
Ta sake tari, kamar tsohuwar da aka tasa sahur,
sai ta kama.
Yara suka sa ihu. Labbo bai yi ba.
Ya karkata kunne, ya ɗaga yatsa:
"Filogi na ukku ƙarya shika yi. Kashe ta."
Na kashe. Na duba. Haka ne.

Bayan la'asar muka hau hanyar Gusau.
Iska ta ɗauke mini hula, ban waiwaya ba.
Allura ta wuce tamanin tana rawa,
gonakin dawa suna gudu baya,
Labbo riƙe da ƙofa, baki buɗe,
haƙora huɗu suna shan iska:
"Ƙara mata, ɗan nema!"
Amma a shingen sojoji na juyo,
don yanzu in rana ta karkata
hanya ba tamu ba ce.
Mil bakwai zuwa, mil bakwai dawowa,
iyakar filin da aka bar wa ƙafa irin tata.

Na tsaya a ƙofar gida, na zare makulli.
Inji yana huce wa, ƙis, ƙis, ƙis.
Ige ta fito da sabon mayafi,
ba ta ce komai ba, ta tsaya gefen ƙofar hagu.
Labbo ya ji ƙamshin turarenta,
ya gyara zama, ya shafa jar fata:
"Hwaɗa mata ta yi haƙuri.
Wagga kujera, yau dai, tawa ta."